Gwangwanin Madara da Yatsun Baffanka

Cheras, Kuala Lumpur
Ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Sa'idu, wanda muke kira Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka daga ɗakin nan da bango ɗaya ne kawai ya raba mu. Allah ya tsare min kai a hanya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Na san za ka yi dariya ka ce mutum yana gida ɗaya da kai amma sai ya rubuto maka wasiƙa. To ya zan yi? Tun da aka samu abokin ofishina da cutar annobar nan aka ɗaura min robar killacewa a hannu, yau kwana shida ke nan ban taka falo ba. Kai kuma ranar Alhamis jirginka zai tashi zuwa Amurka, kuma ba zan yarda numfashina ya ɓata maka gwajin tafiya ba. Da Hausa na rubuta, da gangan. Na san ka fi sauri da Turanci da Malay, amma maganar nan ba ta fita daga bakina da wani yare. Ka karanta a hankali, inda ya shige maka duhu ka tambayi Ummanka.

Shekaranjiya ka kawo min tapau, ƙunshin gurasar roti, daga mamak, shagon abincin da ke ƙasan benenmu, ka ajiye a bakin ƙofa, maimakon ka tafi sai ka tsaya. Ka ce wajen neman takardar haihuwarka a akwatina ka ga wani tsohon hoto, ni da ƙanena, baffanka Sa'idu, cikin kaki, kowa da ƙaramar bindiga a hannu, ga kofin gasa a gabanmu. Ka ce abokin da za ku zauna ɗaki ɗaya a can yana cikin ƙungiyar masu wasan harbi, da kansu suke sake ɗura harsashinsu, kuma duk zaman kullen nan karatun abin kake yi a waya. Sannan ka tambaye ni, da muryar nan taka ta zumuɗi, wane garin albarushi ne ya fi bayar da saiti a ƙaramar bindiga. Ni kuma na daka maka tsawa na ce kada in ƙara jin maganar nan a gidana. Ka ce “Boleh, Abba,” wato to da Malay, na ji takunka ya yi nisa. Wallahi rotin nan bai ciwu ba. Ka yi tambaya ta gaskiya, na ba ka amsar matsoraci, kuma ina neman afuwarka.

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗauko hoton nan ka sake dubawa. Ka kalli hannun daman baffanka. Yatsunsa biyar ne cif.

Ka san ni a matsayin malamin kwaleji mai yawan mita a kan takalmi a bakin ƙofa. Kafin wannan, shekara shida na yi ina aikin kaki a Kaduna, a ɗakin ajiyar makamai. Muna da ƙungiyar wasan harbi, harsashin atisaye kuwa ba ya isarmu, saboda haka aka ba mu izini mu riƙa tara kwanson da aka harba muna sake ɗurawa. Wanda ya iya aikin wani tsohon saje ne, Malam Audu, ni aka ba shi in koya. Mutum ne mai sanyin jiki, abin da za ka yi a awa ɗaya sai ya kai la'asar a kai. A bayan idonsa Saje Sannu-sannu muke ce masa, kuma ni na raɗa masa sunan.

Da girman kai na shiga ɗakin nan. Kakanka maharbi ne, na tashi ina ganin yana zuba albarushi a tafin hannu, ya ɗan girgiza, ya ɗura wa adakarsa, ya tafi daji ya dawo da nama. Bai taɓa riƙe sikeli ba. Don haka da na ga Malam Audu yana auna gari a ɗan mitsitsin sikeli, yana ƙara ƙwaya yana rage ƙwaya, sai na ce masa mu a gidanmu da ido muke wannan. Bai yi fushi ba. Ya zuba gari iri biyu a kan farar takarda, ya ce ɗaya mai saurin ci ne, ɗaya mai jinkiri, in nuna masa wanne ne wanne. Na duba, ban ga wani bambanci ba, na dai nuna ɗaya. Sai aka yi rashin sa'a na dace. Ya ce min caca na yi, na ce gado ne. Da a ranar na faɗi na ji kunya, ina jin da rayuwar mutum biyu ta canza.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Adakar kakanka tana da haƙuri, in ka ƙara mata kaɗan sai ta ture maka kafaɗa kawai. Ƙaramar bindiga ba ta da wannan haƙurin, kuma garin da ake zuba mata ba irin na kakanka ba ne ko kusa. Idonka ba ma'auni ba ne. Duk ranar da ka yi hasashe kuma ka dace, ka fi jin tsoron ranar nan a kan ranar da ka kuskure.

Yanzu ga amsar tambayarka, wadda ya kamata in ba ka tun a bakin ƙofa. Babu wani gari da ya fi kowanne saiti. Wanda ya yi wa bindigar abokinka daɗi zai iya watsa maka harbi a taka, domin kowace bindiga da irin abin da take so, kowane nauyin harsashi da garin da ya dace da shi. Ni ban yarda da haka ba a lokacin. Mun je gasa a wani birni, wani mai baki daga wata ƙungiya ya ce min sirrinsu shi ne suna ɗan ƙara gari a kan abin da littafi ya ce, wai harsashi ya fi tafiya a miƙe. Ban san sunansa ba, ban taɓa ganin harbinsa ba, amma na dawo na ɗura guda hamsin yadda ya faɗa. Malam Audu ya gane tun daga ƙarar na farko. Ya zaunar da ni, ya sa na kwance sauran ɗaya bayan ɗaya, yana gefe yana jan carbi har na gama. Sannan ya ɗora littafin masu yin garin a cinyata, ya ce mutanen da suka rubuta wannan sun fasa bindigogi da yawa don kada ni in fasa tawa.

Mai bakin nan yanzu ya koma cikin wayarka, kuma ya hayayyafa. Na ji irin muryoyinsu ta bango, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai. Kada ka ɗauki awo daga bakin kowa, ko da ni ne, shi ya sa ba za ka ga lamba ko ɗaya a wasiƙar nan ba. Ka nemi littafin masu yin garin, na kwanan nan, ka tsaya a cikin iyakar da suka shata, ka fara daga ƙasa. Ka zauna a gaban wanda ya daɗe yana yi, wanda ke da izini, kuma in son samu ne ka zaɓi wanda ya fi ba ka haushi saboda nawarsa. Saiti a wurin haƙuri yake, ba a wurin ƙarfi ba.

Da a nan kurakuraina suka tsaya, da labarin dariya ne nake ba ka.

Da damina ta shigo, Malam Audu ya tafi garinsu jinyar mahaifiyarsa, aka bar min ɗakin. Wata rana na ga murfin wata robar gari ya tsage, saura kaɗan a ciki, na ji tsoron kada danshi ya shiga. Ka san gidan da na fito. Kakarka ba ta taɓa yar da gwangwanin madara ba, wannan na kuka, wannan na daddawa, wannan na gishiri, kuma babu rubutu a jikin ko ɗaya, ita ta san kayanta. Hannuna da kansa ya yi abin da ya saba gani. Na wanke gwangwanin madarar da muke shan shayi da ita, na shanya ya bushe, na juye ragowar a ciki, na rufe, na ɗora a kan kantar da nake ajiye kayana. Ban rubuta komai ba. Na ce ai ni na zuba, yaya za a yi in manta?

Bayan kamar mako uku wata robar ta kusa ƙarewa. Na ga ɓarna ce a bar ɗan wannan a gindin roba, na buɗe gwangwanin, na duba, idon nan nawa na gado ya ce min iri ɗaya ne. Na juye a kai. Har na ji daɗin kaina, na ce ga mai tattali.

Baffanka ni na jawo shi aikin, kuma cikin shekara biyu ya wuce kowa a harbin ƙaramar bindiga. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Kofin da ka gani a hoton nasa ne, ni tsayawa kawai na yi kusa da shi. An zaɓe shi zuwa babbar gasa, saura kwana goma, sabon gari bai iso ba, shi kuma yana son atisaye. Ya leƙo ya ce Yaya ko akwai abin da za a samu. Na ce masa me zai hana, na sauko da gwangwanin.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne, ranar na yi aikin da kyau. Na daidaita sikeli, na auna kowanne sau biyu, ko Malam Audu ba zai kushe ba. Awon daidai ne, amma na garin da nake zaton yana cikin gwangwanin ne. Rabin abin da ke ciki mai saurin ci ne.

Da safe ne, wajen ƙarfe tara, ina tsaye a bayansa da kofin shayi. Harbi na farko ya juyo ya ce min kamar ya ɗan yi ƙarfi. Na ce sanyin safiya ne ke sa kunne jin haka, ya ci gaba. Ka ji wannan ma, ya gaya min, ni na ce ya ci gaba. A na uku bindigar ta fashe a hannunsa. Babban yatsa, da manuni, da na tsakiya. Bai yi ihu ba, ya dai durƙusa yana kallon hannun, yana cewa innalillahi.

Ga abin da na saya da yatsun ƙanena, na ba ka kyauta. Gari ba ya barin robar da ya zo a cikinta, sai zuwa ma'auni. Iri ɗaya tak a kan tebur, sauran suna kulle a wani wuri har ka gama. Ba a haɗa ragowa da ragowa, ko sunansu ɗaya ne. Abin da babu suna a jikinsa ba naka ba ne, ka kai wa masu ƙungiyar su zubar yadda doka ta ce, kada tattali ya ruɗe ka. Kuma in harbi ya yi maka wani iri, ko a kunne ko a hannu, ka ajiye bindigar nan take. Duk wanda ya ce ka ci gaba, ko yayanka ne, kada ka saurare shi.

Saura mafi nauyi, kuma ita ce na fi jin kunyar rubutawa. An kafa kwamitin bincike. Lokacin Ummanka tana da cikinka wata bakwai, kuma na san in gaskiya ta fito, kora ce mafi sauƙin abin da zai same ni. Na je asibiti da niyyar in gaya wa baffanka zan faɗi komai. Kafin in buɗe baki ya ce min masu binciken sun riga sun zo, kuma ya shaida musu shi ya shiga ɗakin ba na nan, ya ɗura da kansa. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce:

“Yaya, hannun ya riga ya tafi. In kai ma ka tafi, wa zai riƙe gidan?”

Na yi kuka, na yi musu na minti biyar, sannan na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina na gaske, Ƙarami. Gwangwanin wauta ce, amma wannan da hankalina na zaɓa. Aka sallame shi da takardar sakaci a kan laifin da bai yi ba. Malam Audu da ya dawo ya ɗauki gwangwanin, ya juya shi, ya kalle ni. Ya san kantar ta wa ce. Bai tona ni ba, amma har na bar aikin bai sake ba ni hannu ba.

Daga baya baffanka ya buɗe injin niƙa a unguwa, ku yara kuka ɗauka injin ne ya cinye masa yatsu. Kana da shekara bakwai ka tambaye ni ko haka ne, na ce maka eh. Ƙarya na yi maka, ido cikin ido. Ummanka ta sani, ta sha ce min in faɗa, ni nake cewa sai ka girma. Ka yi ta girma ina ta ɗaga ranar.

Sunansa na sa maka, mutane suka yi ta yabon zumuncina. Ranar suna ya karɓe ka, ya kwantar da kai a cinyarsa, ya buɗe 'yan hannayenka da hagunsa yana ƙirga yatsun ɗaya ɗaya. Da ya kai goma ya yi dariya ya ce alhamdulillahi, takwarana ya zo da nasa cikakku. Kowa ya yi dariya. Ni na tashi na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba.

Na bar kakin na koma makaranta, karatu ya kawo mu ƙasar nan, muka zauna. Ina gaya wa mutane aiki ne ya riƙe ni, kuma akwai gaskiya a ciki, amma akwai gudu ma. A nan ba na ganin hannun kullum. Ka tuna zuwan da ya yi mana kana aji biyu na sakandare, muka kai shi Kampung Baru bayan sallar Juma'a? Kowa a rumfar yana cin shinkafa da hannu, shi ya nemi cokali, ya maƙale shi tsakanin yatsu biyun da suka rage, don bai taɓa yarda ya ci da hagu ba. Cokalin ya suɓuce sau biyu. Kai ka ce “Baffa, ka ci da hagu lah,” ya shafa kanka ya ce dama dai dama ce ko ta gaji. Kun ga na ce cikina ya ɓaci na bar abincin. Lafiyar cikina ƙalau.

In ka yi kuskure, a wannan harka ko a wata, ka faɗa da bakinka tun da zafinsa, kafin wani mai ƙaunarka ya riga ka ya ɗauka. Domin in ya ɗauka, ba za ka iya karɓowa ba. Na gwada. Na taɓa ce masa zan rubuta wa tsohon wurin aikinmu in wanke sunansa, ya ce fayil ɗin ma ƙila gara ta cinye, in bar shi ya huta.

Ban hana ka wasan harbi ba. Na yi tunanin hanawa, kwana biyun nan ba abin da nake juyawa sai shi, amma na san jinin da ke jikinka. In na hana, za ka yi a ɓoye, kuma a ɓoye ne ake zuba abu a gwangwanin madara. Ka bi ta ƙungiya mai rajista, ka tambayi abin da dokarsu ta yarda ɗalibi baƙo ya taɓa da abin da ba ta yarda ba, kada ka dogara da cewar aboki. Ka sa gilashin kare ido ko ana yi maka dariya. Kuma ranar da za ka dawo, ka zazzage jakarka da aljihunanka sau uku. Ka san ƙasar nan ba ta wasa da maganar makami, ko kwanso ɗaya da babu komai a ciki kada ya biyo ka. Karatu dai aka tura ka, kada in ji an ce ka fi sanin hanyar filin harbi a kan ta laburare.

Jiya na kira baffanka ta bidiyo, na ce ina neman izininsa in gaya maka. Yana zaune a bakin injin, gari duk ya yi masa fari a gemu. Ya ce ai ya ɗauka na faɗa maka tuntuni. Na ce ban iya ba. Ya ce:

“To ka gaya masa. Ka kuma ce in ji ni, kada ya riƙe ka a zuciya, ni mai hannun ban riƙe ka ba.”

Da za mu yi sallama ya ɗago hannun nan yana min bai-bai, kamar kullum, ko a jikinsa. Wannan karon ban kawar da kai ba. Ka kira shi kafin ka tashi. In kana da tambaya a kan harbi, shi za ka yi wa, ya fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma shekara ashirin da uku ke nan ba wanda ya tambaye shi.

Ban san da wane ido za ka kalle ni bayan ka gama karanta wannan ba. In ka ji haushina, kana da gaskiya, kuma ba sai ka ɓoye ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ummanka ta karɓo takardar izinin fita a cikin kullen nan daga wurin 'yan sanda, ita za ta kai ka filin jirgi, ni ba zan iya ko rungumarka ba. Ranar Alhamis, kafin ka ja akwatinka, ka ƙwanƙwasa min. Zan sa takunkumi biyu, in buɗe ƙofar, in koma can jikin taga. Kai kuma ka tsaya a inda kake ajiye min abinci, ka ɗaga hannayenka biyu, ka ware yatsun. Ba sai ka ce komai ba. Zan ƙirga. Ranar da Allah ya dawo da kai, a filin jirgi, kafin gaisuwa, zan sake ƙirgawa.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare idonka da hannunka da imaninka. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya ba ka abin da ka je nema, ya sa ka fi ubanka gaskiya. Ya saka wa baffanka da abin da ni ba zan iya ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Abba